Sabuwar mota da bashin shekara 6, ko ta hannu da kuɗin da na tara?

Assalamu alaikum Kawu, barka da aiki. Ni ma'aikaci ne mai ɗaukar albashi, ina da mata da 'ya'ya uku. Daga gidana zuwa wurin aiki, zuwa da dawowa, kilomita 70 ne kullum, kuma wahalar motar haya ta kai mini iya wuya. Shekara huɗu ina tari, yanzu abin da ke hannuna ya kai kusan rubu'in farashin sabuwar motar da raina ya kwanta da ita. Na je wurin masu sayarwa, suka ce za su ba ni ita ba kafin alƙalami, in riƙa biya wata-wata har shekara 6, kuɗin ruwa kashi 10 cikin 100. Biyan zai ci sulusin albashina. Suka ce idan ya yi mini nauyi akwai haya ta shekara 3 mai sauƙin biya, kilomita 15,000 a shekara, wa'adi ya cika in mayar in ɗauki wata. A gefe guda kuma Yayana ya samo mini motar abokinsa, shekararta 9, kuɗinta zai lashe duk abin da na tara. Da na ce zan kai wa makanike ya duba, sai Yaya ya ɓata rai, wai na mayar da abokinsa macuci. Maiɗakina ba ta son zancen bashin ko kaɗan, har mun fara samun saɓani. Ni kuma gaskiya sabuwar nake so, abokan aikina duk ita suka hau. Ina mafita?

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi maka albarka da ka fito fili ka ce sabuwar kake so. Da yawa cikin masu rubuto mini sun riga sun yanke hukunci a zuci, sai su lulluɓe shi da lissafi su zo neman wanda zai sa musu hannu. Tunda ka faɗi abin da ke ranka, ni ma ba zan yi maka kwana-kwana ba. Cikin ukun nan babu wanda zan ce ka karɓa yadda aka miƙo maka shi. Biyu ka bar su kwata-kwata. Na ukun yana da gyara.

Bari in fara da hayar, don ita ce mai saurin sallama. A irin wannan haya, masu motar suna ƙiyasta nawa za ta yi a kasuwa bayan shekara 3, su cire daga farashinta na yau, ragowar su ɗora ribarsu a kai su raba maka wata-wata. Ashe ke nan tsufan motar kake biya, a shekarun da ta fi saurin zubar da daraja, shi ya sa biyan ya fi na saye sauƙi. Ranar da wa'adi ya cika ka miƙa makulli ka koma bakin titi kana tsayar da motar haya, ko ka sake sa hannu a wata takardar. Kuma tunda ƙiyasin nasu ya rataya a kan yawan tafiyar da motar za ta yi, dole su kafa maka iyaka. To ɗauki alƙalami. Kilomita 70 sau kwanakin aiki 22 sau wata 12, ya ba ka 18,480. Zuwa aiki kaɗai ya riga ya tsallake iyakar. Ba mu sa kai jikokina makaranta ba, ba mu sa asibiti ba, ba mu sa ziyarar dangi ba. Ka ce 22,000 a shekara, ban yi maka ƙari ba. A shekara 3 za ka wuce da kilomita 21,000, kowane ɗaya da tararsa a rubuce cikin yarjejeniya, kuma a dunƙule ake karɓa ranar mayarwa. Ranar ce kuma za a zagaya motar ana ƙirga tabon kujera da ƙarzanen ƙofa. Mai yara uku ya san abin da kujerar baya ke gani. In aiki ya canza kana so ka fita kafin lokaci, nan ma akwai tara mai zafi. Haya ta dace da kamfani, ko mutumin da tafiyarsa kaɗan ce, wanda ya san jin daɗin sauya mota yake saye kuma aljihunsa ya ɗauka. Kai ba ka cikinsu.

Sai bashin. Nan zan zauna, don nan ne zuciyarka take.

Sayar da mota bashi tsohuwar sana'a ce. Tun 1919 kamfanin General Motors na Amurka ya buɗe reshe na musamman, GMAC, don bai wa masu saye rance, kuma daga wancan zamani zuwa yau tambayar da mai sayarwa ya fi ƙaunar yi ita ce "nawa za ka iya biya a wata?" Da ka amsa, ciniki ya bar kan farashin mota ya koma kan jimirin albashinka. Kowace mota, komai tsadarta, ana iya matse ta ta shiga adadin da ka faɗa, a ja shekarun kawai. Ka duba wasiƙarka: ka gaya mini biyan wata, ka gaya mini shekaru, amma ba ka gaya mini jimillar abin da za ka biya ba. Ina kyautata zaton su ma ba su gaya maka ba.

Kashi 10 ɗin nan da suka ambata iri biyu ne, kuma tsakaninsu akwai tafiya. Mu ɗauka kuɗin motar 100 ne, ko da wane irin kuɗi. Idan ana lissafa ruwan a kan abin da ya rage a kanka, yana raguwa kana biya, a shekara 6 za ka biya kimanin 133. Idan kuwa a kan asalin kuɗin ake lissafawa kowace shekara, kamar ba ka taɓa biyan komai ba, 10 sau 6 ne, ka biya 160. Suna ɗaya, kashi 10, amma na biyun in ka auna shi da ma'aunin na farko ya kusa kashi 17. Masu rance da yawa na biyun suke faɗa don ya fi daɗin ji. Ka tambaye su wanne ne, kuma kada ka karɓi amsa da baki. Su rubuta maka lamba ɗaya: idan na biya daga watan farko zuwa na 72, da duk wani caji, nawa ya bar aljihuna?

Tsawon wa'adin ma da nasa. Rancen 100 ɗin nan, ko da ruwan mai raguwa ne, in shekara 3 ne za ka biya kimanin 116, in shekara 6 ne 133. Biyan wata ya sauko daga kusan 3.2 zuwa ƙasa da 1.9, mutum ya ji sanyi, alhali ruwan ya ninka.

"Ba kafin alƙalami" kuwa, banza ba ta kai zomo kasuwa. Sabuwar mota galibi tana zubar da kusan kashi ɗaya cikin biyar na darajarta a shekarar farko, tun daga ranar da aka sa mata lamba ta zama ta hannu. Bayan wata 12 kana biya ba fashi, bashin da ya rage a kanka zai kai kimanin 87, motar kuma in ka kai ta kasuwa 80 za a taya. Ana binka fiye da abin da ke hannunka. Muddin komai na tafiya daidai ba za ka ji ba. Ranar da aka yi haɗari motar ta tashi daga aiki, Allah ya kiyaye, inshora darajar kasuwa take biya, cikon kuma kai za ka nemo. Ranar da aiki ya tsaya aka zo aka ɗauke ta, a wurare da yawa gwanjonta za a yi, in kuɗin bai rufe bashin ba a biyo ka da saura. Ba mota, ga bashi. Wani zai ce maka ai inda kuɗi ke faɗuwa farashin mota hawa yake. Lambar ce ke hawa, ɗana. Ka sayar ka ga ko kuɗin zai sayo maka irinta sabuwa.

Yanzu sulusin albashi. Wannan kuɗin mallaka ne kawai, motar ba ta motsa ba tukuna. Mai kilomita 70 kullum mai zai sha na gaske. Wanda ya ba ka rance zai tilasta maka cikakkiyar inshora har ka gama biya, don motar jinginarsa ce. Garantin sabuwar mota yakan zo da sharaɗin yin sabis a kan lokaci kuma yadda kamfani ya tsara, wanda ba shi da arha. Ga sabunta takardu, ga taya da za ta ƙare a irin tafiyarka tun kafin bashin ya yi rabi. In ka haɗa, ban ga yadda za ta tsaya ƙasa da kashi 45 na albashinka ba, wata wata ma rabi. Masu ba da shawara kan kuɗi suna da wani ma'auni da suke yawan faɗa, 20 da 4 da 10: ka ajiye kashi 20 na farashi tun farko, bashin kada ya wuce shekara 4, duk hidimar mota kada ta wuce kashi 10 na abin da kake samu. Ni ina ganin kashi 10 ya yi tsauri ga mai doguwar tafiya irinka, zan ɗaga maka zuwa 15 ko 20. Amma tayin da aka yi maka ya faɗi a duka ukun, kuma ba da ɗan tazara ba.

Shekara 6 wata 72 ne. Ɗanka na fari zai canza makaranta a ciki, kuɗinta ya ƙaru. Wataƙila a samu ƙaruwa a gidan. Wani zai kwanta rashin lafiya, don ba a shekara 6 ba a je asibiti ba. Duk waɗannan za su zo su tarar da sulusin albashi ya riga ya tafi tun ranar da ya shigo. Wannan ne surukata take hangowa. Mai yiwuwa ba ta iya lissafin ruwa mai raguwa ba, amma ita ke riƙe da tukunya, ta san abin da ya rage bayan 20 ga wata. Kada ka mayar da zancen na wa ya fi wa iko a gida. Ka zauna da ita da takarda, ku rubuta albashi, ku cire abin da gida ke ci, ku ga abin da ya saura. In kana son gwaji na gaskiya, ka yi wata uku kana ware rabin albashinka kana ajiyewa kamar motar ta riga ta zo. In gida ya zauna lafiya, ka dawo ka ƙaryata ni. In ba haka ba, ka ƙara wa tarinka kauri, ba ka yi asarar komai ba.

Ba ka ambaci matsayinka kan kuɗin ruwa ba, amma in kana cikin masu guje masa saboda addini, akwai bankunan da ke yin murabaha da ijara. A murabaha banki ne ke sayen motar ta zama tasa, sannan ya sayar maka da riba sananniya, farashi ɗaya da ba ya ƙaruwa bayan an ƙulla. A ijara motar na banki ce kana haya, nauyin mallaka yana kansa, wani tsarin kuma yakan ƙare da a mallaka maka. Wannan ya warware maka matsalar halasci idan an yi shi bisa ƙa'ida, amma bai warware ta aljihu ba. Halal ma tana iya fin ƙarfinka. Tambayar dai ita ce ta ɗazu, jimilla nawa.

In wata rana ka ga dole sai ka ci bashin mota, ko na wane iri, ka karanta takardar a gida, ba a teburinsu ana tsaye a kanka ba. Ka nemi wurin da aka yi maganar biya kafin wa'adi, ko akwai tara. Ka duba ko ruwan tsayayye ne ko yana iya tashi. Ka duba ko an ɓoye wani babban biya a watan ƙarshe, don da shi ake rage na wata-wata ya yi kyan gani. Ka duba abubuwan da aka cusa ba ka nema ba, ƙarin garanti, kuɗin cike takarda, wani maganin fenti. Kuma ka gama cinikin farashin motar tukuna kamar mai biya lakadan, sannan a buɗe zancen rance.

To, mu zo kan motar abokin Yaya. Hanyar ita ce daidai, sharuɗɗan ne ba daidai ba, kuma guda biyu ne.

Na farko, kada mota ta cinye duk abin da ka tara. Motar shekara 9 ko ta waliyyi ce za ta nemi wani abu a watannin farko: juyen baƙin mai, batir, birki, taya biyu, canjin suna a takardu, inshora. Ka ware aƙalla kashi ɗaya cikin biyar na kuɗinka ka ce wannan ba na saye ba ne. Abin da ya rage shi ne farashin motarka. In ta abokin Yaya ba ta sauko nan ba, ba taka ba ce, ko da lafiyarta ƙalau. Na sha ganin wanda ya zuba komai ya sayi mota, ta yi wata biyu a ƙofar gida an lulluɓe ta da tamfol saboda kuɗin famfon mai.

Na biyu, dubawa. Wani masanin tattalin arziki ɗan Amurka, George Akerlof, ya yi rubutu a 1970 a kan kasuwar motocin hannu, yana nuna yadda ciniki ke lalacewa idan mai sayarwa ya san abin da mai saye bai sani ba, kuma aikin yana cikin abin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 2001. Matsalar da Yaya ke ganin rashin kunya ce a ambata, har lambar yabo an ci a kanta. Ni zan ma ƙara da cewa sau da yawa mai motar kansa bai sani ba. Mutumin kirki ne, yana hawa kullum, ya saba da ƙarar da take yi har ya daina ji. Makanike motar zai duba, ba halin mai ita ba.

Ni wannan ta taɓa ci na. Motata ta biyu a hannun wani dattijo na saya, mutumin da nake jin nauyinsa ƙwarai, na ji kunyar in ce a duba. Ba a rufa wata biyu ba ta fara zafi a hanya, ashe gaskit ya ƙone, ruwa na shiga inda ba wurinsa ba. Na kashe abin da ya kusa rubu'in kuɗinta. Ban iya faɗa masa ba, shi kuma ya ji a bakin wasu, daga nan muka fara kauce wa juna. Ina da yaƙinin bai san da matsalar ba. Da na kai ta gareji tun farko, da an gani, da ya rage mini kuɗi ko na haƙura, da har yau muna gaisawa da sakin fuska. Kunyar awa biyu na guje wa, na sayi ta shekaru.

Makaniken kuwa naka ne za ka kai, wanda kai za ka biya, wanda bai san mai motar ba kuma ba shi da la'ada a cinikin. Ku je da safe ku tarar da injin a sanyaye, ka taɓa bonet da hannunka ka tabbatar. Injin da aka riga aka ɗumama yana ɓoye wahalar tashi da ƙarar da ke fita a minti na farko. Kafin a tayar, a murɗa makulli fitilun dashbod su kama duka, har da ta injin da ta jakar iska ta kariya, sannan su mutu bayan ya tashi. Wadda ba ta kama ba tun farko, wataƙila an kashe ta ne don kada ta yi tsegumi. Ka koma baya ka kalli salansa. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, tana shan baƙin mai. Fari mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan injin ya yi zafi, ruwan lagireto ne ke shiga injin, irin tawa ke nan. Baƙi, mai ne ke yawa ba ya ƙonewa daidai. A buɗe murfin baƙin mai, in ka ga wani abu kamar madarar da aka dama da ƙasa, a bincika sosai kafin a ci gaba da magana.

A ƙarƙashin sitiyari akwai wata kafa mai ramuka 16 da ake jona na'urar gwaji, ana ce mata OBD. Amurka ta wajabta ta tun 1996, Turai ta biyo baya daga 2001, don haka motar shekara 9 tana da ita. Na'urar tana karanto laifuffukan da kwamfutar motar ta adana, kuma makanike mai wayo zai gane in an goge su kwanan nan, don akwai gwaje-gwajen da motar ke yi wa kanta da ba sa kammala sai ta yi 'yar tafiya bayan gogewa. In ya ce maka an share jiya ko shekaranjiya, ka tambayi dalili.

Lambar shasi, wadda ake kira VIN, haruffa da lambobi 17 ce tun 1981, kuma babu I da O da Q a cikinta. Tana gindin gilashin gaba ta ɓangaren direba, tana kuma jikin ginshiƙin ƙofa. Ta gilashi da ta ƙofa da ta takarda su zama ɗaya, harafi da harafi. Da ita ake bincika tarihin mota a intanet inda ake ajiye irin wannan bayani: ko ta taɓa mummunan haɗari har inshora ta sallama ta, ko ambaliya ta taɓa shanye ta, ko kamfanin ya nemi a mayar da irinta a gyara wani aibi. Wannan na ƙarshen ba wasa ba ne. Jakunkunan iska na kamfanin Takata, waɗanda ke iya fashewa su watsa ƙarfe a fuskar direba, sun sa an nemi mayar da motoci miliyoyi masu yawa na kamfanoni daban-daban, har Takata ya durƙushe a 2017, kuma ba duka aka canza ba. Ta ambaliya kuwa, guguwar Harvey kaɗai ta nutsar da motoci dubu ɗaruruwa a Texas a 2017, kuma irin waɗannan sukan bi ta gwanjo a wanke su a sake sayarwa a nesa. Hancinka zai taimake ka. Warin danshi, ko turaren da aka fesa ya yi yawa, tsatsa a ƙarafan ƙarƙashin kujera, busasshen taɓo a ramin safaya taya. Motar da ta sha ruwa wayoyinta ne ke ruɓewa a hankali, yau gilashi ya ƙi sauka, gobe ta mutu a tsakiyar titi, ba makaniken da zai gama da ita.

Mitar tafiya ana juya ta, ta zamani ma da kwamfuta ake yi cikin mintuna. Kada ka gaskata ta sai ta yi daidai da jikin motar. In mita ta ce 60,000 amma robar birki da totur ta cinye, sitiyari ya yi santsi, kujerar direba ta lotsa, jikin ne mai gaskiya. Ka tsaya daga gefe cikin hasken rana ka kalli fenti, ƙofar da launinta ya ɗan bambanta an sake mata. Ka bi tazarar da ke tsakanin ƙofofi da bonet, in wani gefe ya fi wani faɗi an taɓa bugawa an miƙe. Ƙaramin faci ba abin damuwa ba ne a motar shekara 9. Shasin da aka yi wa walda shi ne abin gudu, kuma sai an ɗaga ta ko an shiga rami ake gani. A gefen kowace taya akwai jerin lambobi, huɗu na ƙarshe ne ke faɗin mako da shekarar haihuwarta: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Tayar da ta haura shekara 6 a sa mata ido ko da zanenta bai cinye ba, kuma kuɗin sababbi ya shiga cinikin. Ka tambaya ko injin bel ɗin tayimin gare shi ko sarƙa, wato abin da ke daidaita motsin bawul da na fistin. In bel ne, galibi ana canza shi tsakanin kilomita 100,000 da 160,000, kuma a injuna da yawa in ya tsinke ana tafiya, bawul da fistin ne ke karo, gyaran ya koma na buɗe injin. In babu shaidar an canza, ka ɗauka ba a canza ba.

Sannan ka tuƙa ta da kanka, rabin awa aƙalla, rediyo a kashe. Ka hau babban titi ta yi gudu, ka shiga mai gargada ka ji ƙafafunta, ka tsaya cikin cunkoso da na'urar sanyi a kunne ka ga ko allurar zafi za ta hau. Giya ta shiga ba fizga ba jinkiri. Ka taka birki da ƙarfi a inda ba kowa, kada ta ja gefe.

Takardu kuma, sunan da ke jiki ya zama na wanda ke karɓar kuɗinka, kuma ka tabbatar ba a jingine take a wani banki ba, don a wurare da yawa bashin yana bin motar ne duk hannun da ta shiga. Ku rubuta takardar ciniki da lambar shasi da shaidu, ka biya ta hanyar da ke barin shaida. Abokin Yaya ne, na sani. Ku rubuta.

Abu ɗaya da ban ji ka faɗa ba shi ne irin motar. Ga mai tafiyarka, ka nemi ƙaramin inji mai tsimin mai, kuma irin da ta cika titi inda kake, wadda kowane makanike ya san cikinta kuma kayan gyaranta ke ko'ina. Tsohuwar motar alfarma da aka karyar da farashinta tarko ce, kuɗin sayenta ne ya sauko, na kayanta yana nan inda yake. Kuma kada ka tsaya a kan guda ɗaya. Ka ga uku ko huɗu, ko don idonka ya waye ka san abin da kuɗinka ke iya saye. In ka samu mai shekara 5 ko 6 da ta ɗan fi ƙarfinka kaɗan, ƙaramin ciko da za ka biya cikin shekara ɗaya ko biyu, wanda ba zai wuce kashi 10 na albashi ba, ba zan hana ka ba, in surukata ta yarda.

Abokan aikinka kuwa, motocinsu ka gani, ba ka ga takardar albashinsu bayan an cire ba. Son sabuwa ba laifi ba ne, ni ma ina son ƙamshinta. In ka hau ta hannu shekara huɗu kana ajiye ko rabin abin da za ka riƙa bai wa masu rance, za ka shiga wurin masu sayarwan nan da kuɗin da zai sa kai ne mai faɗin sharaɗi.

Saura Yaya. Kada ka aika masa saƙo, ka taka ka same shi, ka fara da godiya, don ɗawainiya ya yi maka. Ka ce masa: "Yaya, ban zargi abokinka da komai ba. Gumina ne na shekara huɗu, kuma in wani abu ya ɓullo daga baya kai za ka shiga tsakiya, ni kuma ba na son abin da zai sa ka ji kunyarsa ko ka ji tawa. A duba, kuɗin dubawa nawa ne, in ta yi in biya a ranar." Ka roƙe shi ya zo garejin tare da ku, ya gani da idonsa. Mai motar da ya san lafiyar abarsa ba ya ƙin awa biyu a gareji. In abokin ya ce sam ba za a duba ba, ka ce wa Yaya kuɗinka ne bai kai ba, wanda kuma gaskiya ne, tunda ka riga ka cire kashi ɗaya cikin biyar ka ajiye gefe.